Marinin Garwa a Gindin Dutsen Dali

Sunan Marini ya ci gaba da bin Malam Shu'aibu shekaru da yawa bayan ya daina rini. Yaran da suka taso daga baya a unguwar Hausawa ta Garwa, a ƙasar Kamaru, suna zaton sunan mahaifinsa ne, don ba su taɓa ganinsa da muciya a hannu ba. Abin da suka sani kawai dattijo ne siriri mai farar hula, wanda yake zama a ƙofar shagon atamfa a babbar kasuwa, ba ya yawan magana, idonsa kullum kamar yana kallon wani abu da ke bayan mutum.

Kakansa ne ya taso daga Kura ta ƙasar Kano da jakuna da ɗaurin turkuɗi. Ya biyo ta Yola, ya iso bakin Binuwai, wurin ya kwanta masa, ya zauna. A gangaren kogi ya haƙa karofi, ramukan rini da suka fi tsayin mutum zurfi. A wannan sana'a uban Shu'aibu ya tsufa, a cikinta shi ma ya buɗe ido. Kafin gemu ya fito masa ya iya jiƙa ganyen baba da toka, ya iya motsa ruwan har kumfa ta taso, ya iya gane ruwa ya nuna ta wari da ɗanɗano a kan harshe. Fulani suna kawo fararen riguna daga Bibemi da Rai, matan duwatsu suna saukowa da saƙi a kai, kowa ya bari ya dawo ranar kasuwa ya karɓa da shuɗi. Hannuwan Shu'aibu sun rine har gwiwar hannu. Matarsa Mairamu takan ce ko malmalar tuwonsa ta fi ta kowa launi.

Daga shekarun alif ɗari tara da tamanin abubuwa suka fara juyawa a hankali. Atamfar masaƙa mai furanni ta shiga ran mata. Auduga ta faɗi, albashi ya ragu, mutane suka koma gwanjo. Bayan an karya darajar kuɗin sefa kuma sai yadin ƙasar Sin ya cika kasuwa, mai araha, mai launi iri-iri, har da wani shuɗi da yake kama da nasu idan an hango shi daga nesa. Marina suka riƙa rufe ramuka ɗaya bayan ɗaya. Shu'aibu ne ya rufe na ƙarshe, ya cika shi da ƙasa da hannunsa don kada akuya ta faɗa. Yau gareji ne a wurin.

Ya taɓa sayar da zare da maɓalli, ya taɓa dillancin gyaɗa, babu wadda ta zauna masa. Wadda ta ɗaga gidan ita ce 'yarsa Hindu, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake kiranta Uwata. Ta fara saro zannuwa daga Duwala, ta koma Kwatano, daga baya ta riƙa zuwa Gwanju a ƙasar Sin da kanta, har ta iya yarensu na ciniki. Da ta buɗe shago sai ta sa masa kujera a ƙofa. Haka ya wayi gari yana gadin yadin da ya raba shi da sana'arsa. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai in mai saye ya tambaye shi ko yadin yana zuba, yakan nuna ciki da haɓa ya ce, "Tambayi mai shi."

Da daminar shekarar dubu biyu da goma sha biyu Allah ya yi wa Mairamu rasuwa. Malam Shu'aibu ya ƙara yin shiru. Ya daina zuwa kasuwa, ya koma zama a zaure yana kallon ruwan sama yana zuba daga indararo. Hindu ta ba shi lokaci, da ta ga abin ba ya raguwa sai ta zo wata rana da hantsi ta durƙusa a gefen tabarmarsa.

"Baba, wannan tafiyar tare za mu yi."

"Zuwa ina?"

"Gwanju. Aiki ya riƙe Bilya a Figil, ni kuma ba na son tafiya ni kaɗai."

Bilya mijinta ne, direban babbar mota mai ɗaukar siminti. Malam Shu'aibu ya san ta sha yin tafiyar ba tare da shi ba, ita da ƙawayenta 'yan kasuwa. Ya dube ta.

"Uwata, me zan je yi a ƙasar mutanen da suka rufe mini karofi?"

"Za ka riƙe mini jaka," in ji ta.

Ya ɗan yi murmushi, karo na farko tun bayan sadakar arba'in. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ita kuwa ta ɗauki shirun a matsayin amincewa ta shiga neman takardu.

Suka hau mota zuwa Gaundare, jirgin ƙasa ya kai su Yawunde, daga can suka tashi sama. Gwanju ba ta burge shi ba. Zafi ne mai danshi irin na Duwala, benaye sun tare sama, kwalta ta rufe ƙasa, kuma duk inda suka shiga kasuwa ce a kan kasuwa. Ya ce wa Hindu ya zo ƙasar Sin amma har yanzu bai ga ƙasar ba. Yawancin wuni a ɗakin masauki yake yi, yana jan carbi a bakin taga.

Ranar da ya bi ta shagon da take saro kaya, a nan abin ya sauya. Mai shagon wata mata ce gajera mai fara'a, ana ce mata Madam Yang, ta koyi ɗan Faransanci a bakin masu sayayya daga Afirka. Suna cikin ciniki da Hindu sai ta lura da dattijon ya ɗauki gefen wani shuɗin yadi yana murzawa tsakanin yatsu, ya kai hanci ya shinshina, ya ajiye. Ta tambayi Hindu me yake nema.

"Marini ne a da," in ji Hindu. "Da ganye suke rini, a cikin rami."

Madam Yang ta ajiye almakashin da ke hannunta. Ta ce uwarta ma haka, kuma har yanzu tana yi, a wani ƙauye kusa da tsohon birnin Dali, can yamma cikin duwatsu. Ta ce ga hutun ƙasa na farkon Oktoba ya zo, masaƙu za su rufe, kayan Hindu ba za su fito ba sai bayan hutu, ita kuma gida za ta. Me zai hana su bi ta? Hindu ta fassara masa, tana zaton zai ƙi.

"A ƙasar nan akwai mai rini da ganye?" ya tambaya.

"Haka ta ce."

"To mu je mu gani."

Jirgi ya sauke su a wani babban gari, suka shiga mota, hanya ta yi ta hawa. Iska ta yi sanyi, ta yi sauƙi, har ya ji numfashinsa ba ya cika masa ƙirji. Hindu ta saya masa kwat mai kauri ya ɗora a kan babbar riga. Ya ɗan yi gyangyaɗi, da ya buɗe ido sai ya ga sun fito wani fili mai tsawo. A dama tafki ne shimfiɗe, shiru, kamar an zuba narkakken ƙarfe. A hagu jerin duwatsu ne masu duhun kore, sun miƙe kamar bango har inda ido ya tsaya. A tsakiyar duwatsun, ba a samansu ba, wani farin gajimare ya ɗaure su siriri daga wannan kai zuwa wancan, kamar wanda ya yi ɗamara da rawani. Tsakanin dutse da ruwa gonakin shinkafa ne da suka nuna, rawaya jawur, mutane sunkuye suna yanka.

Ya dafa gilashin taga da tafin hannu ya bar shi a nan.

Birnin Dali yana da ganuwa ta dutse da ƙofofi masu rufi mai lanƙwasa, gefensa ya ɗaga sama kamar fiffiken tsuntsu. Da suka shiga ta ƙofar kudu sai ya tuna labarin da kakansa yake ba su na ganuwar Kano, yadda baƙo yake jin ya ƙanƙance idan ya ratsa ƙofa. A ciki tituna shimfiɗe suke da duwatsu da ƙafafu suka goge har suna sheƙi. Gidaje farare ne masu rufin toka-toka, an zana musu tsuntsaye da rassan itace a bango. Abin da ya fi tsayar da shi ruwa ne. A gefen titi ƙaramar ƙorama ce ke gudu a cikin magudanar dutse, garau, ta sauko daga dutsen ta ratsa gari tana ƙara a hankali, ba ta tsayawa. Ya tsuguna ya sa hannu, sanyin ya ratsa shi har kafaɗa. Mutumin Garwa, wanda ya san yadda rijiya take ƙafewa a watan Maris, ya daɗe a tsugune yana kallon ruwan da ba wanda yake rububinsa.

Masu yawon buɗe ido sun cika gari saboda hutu. Wasu suka riƙa tsayawa suna roƙon ɗaukar hoto da shi, ya tsaya musu a miƙe, hannu a ƙirji. Wata tsohuwa mai farin ɗankwali da geza ta miƙa masa wani abu gasasshe a jikin tsinke, Madam Yang ta ce cuku ne na nonon saniya. Ya ɗanɗana, ya ce da Fulanin Garwa za su ga wannan da sun ce an sace musu asiri.

Da azahar ta yi ya tambayi gabas. Madam Yang ta ja su wani lungu, suka tsaya gaban gini mai irin rufin ƙofar gari, da jan ginshiƙai na katako. Ya ɗauka ɗakin bautarsu ne, ya ja baya. Sai ya ɗaga kai ya ga Bismillah a rubuce a saman ƙofa, da haruffan Larabci masu kauri kamar an ja su da tsintsiya. Wani dattijo mai farar hula da ɗan gemu ya fito ya yi masa sallama. Malam Shu'aibu ya amsa. Ba su da wata kalma tare bayan wannan, amma sun tsaya sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Bayan salla dattijon ya kama hannunsa ya kai su wani ƙaramin shago kusa da masallacin, aka kawo musu taliya a cikin romon naman sa mai zafi. Ya kasa riƙe tsinken cin abinci, aka ba shi cokali. Hindu ta ce tun rasuwar mahaifiyarta ba ta ga ya cinye kwano ba sai ranar.

Washegari suka je ganin wasu hasumiyoyi uku da ke bayan gari a gindin dutse, babba a tsakiya, ƙanana a gefe sun ɗan karkata. Aka ce musu babbar ta haura shekara dubu a tsaye, girgizar ƙasa ta sha rushe gidaje ta bar ta. Bai shiga ɗakunan da gumaka suke ba. Ya zauna a bakin wani ƙaramin tafki inda hasumiyoyin suke bayyana a cikin ruwa kai a ƙasa, da dutsen da gajimaren duka. Ganye ya faɗo, hoton ya karkaɗa, ya sake haɗuwa. Ya ce wa Hindu, "Wanda ya ɗora tubalin farko bai san za a yi wani Shu'aibu ba. Ga shi na zo na sha inuwarsa."

Ƙauyen su Madam Yang yana arewa da birni, inda dutse ya matso kusa da tafki. Tun kafin su shiga gidan ya tsaya cak a tsakiyar lungu.

"Baba, lafiya?"

"Ba ki ji ba?"

Ita ba ta ji komai ba sai wani wari mai tsami kamar na ruɓaɓɓen ganye. Shi kuwa shekarunsa ne suka taso masa gaba ɗaya. Suka shiga tsakar gida, sai ga zannuwa a shanye daga saman bene har ƙasa, shuɗi mai duhu da fararen furanni da malam-buɗe-littafi, iska tana kaɗa su, rana tana ratsawa. A gefe manyan gangunan katako ne cike da ruwa baƙi, kumfa tana yawo a kai da ƙyallin jan ƙarfe.

Uwar Madam Yang ta fito, sunanta Duwan. Ta girme shi, ta ranƙwafa, amma hannunta yana da ƙarfi, kuma farcenta shuɗi ne. Ya gaishe ta da Hausa, ya ce, "Sannu da aiki, Iya." Ta amsa da nata yaren, wanda ba shi ne na Gwanju ba. Don haka magana ta zama doguwar hanya: tsohuwa ta faɗa wa 'yarta, 'yar ta juya wa Hindu da Faransanci da yaren ciniki, Hindu ta sauke wa ubanta da Hausa. Kafin magana ta iso rabinta ya zube a hanya, amma ba wanda ya damu.

Ya matsa kusa da ganga, ya dubi tsohuwar, ta ɗaga masa kai. Ya tsoma ɗan yatsa ya kai harshe. Ta yi dariya ba haƙora, ita ma ta tsoma ta ɗanɗana. Ta nuna masa ganyen da suke amfani da shi, mai faɗi ne, ba irin baban Garwa mai ƙananan ganye ba. Ta nuna masa farar ƙasa da suke zubawa a madadin toka, ya ce irinta ake haƙa a Figil inda surukinsa yake lodi. Ta ce a nan mata ne suke ɗinke zane su ƙulle shi don furanni su fito, maza su rina, amma tun da mijinta ya rasu ta haɗa duka biyun.

Ya cire kwat, ya naɗe hannun riga. Ta ba shi wani ƙullallen zane da aka jiƙa. Ya sunkuya yadda ya saba yi a bakin rami, ya zura hannu da ƙarfi, ruwan ya motsa har ƙasa. Tsohuwa ta buge masa hannu kamar yadda ake yi wa ɗan koyo, ta yi masa nuni da ya yi a hankali, ganga ba ta da zurfi, zai tayar da laka. Hindu ta rufe baki da gyale. Shi ma ya yi dariya, ya ce, "Gaya mata na tuba." Ya sake, a hankali, yana matsa zanen a ƙarƙashin ruwa. Da ya ɗago shi kore ne shar. Suka tsaya su huɗu suna kallo, iska ta taɓa shi, koren ya fara duhu daga gefe, ya koma shuɗi a gabansu. Ya ga wannan sau ba adadi a rayuwarsa, amma ya tsaya yana kallo kamar bai taɓa gani ba.

Da yamma aka kawo shayi kashi-kashi, na farko mai ɗaci, na biyu mai zaƙi da gyaɗar bishiya a ciki, na ƙarshe mai zuma da yaji. A nan ya ba ta labarin karofinsu da yadda ya cika ramin ƙarshe da ƙasa. Ya faɗi gaskiya cewa yadin ƙasarsu ne ya yi musu haka. Hindu ta yi jinkiri, ya ce ta faɗa yadda ya faɗa. Madam Yang ta sunkuyar da kai ta fassara. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi magana mai tsawo.

"Ta ce su ma shi ne ya yi musu," in ji Hindu. "Ta ce da can kowane gida a lungun nan yana da ganga. Da yadin inji ya zo, mutane suka daina sawa, samari suka tafi birni. Ta ce ga 'yarta nan, abin da take sayarwa kenan, da shi ta gyara rufin gidan nan. Yanzu baƙi ne suke saye, kuma ba sawa suke yi ba, a tebur suke shimfiɗawa."

Malam Shu'aibu ya dubi Madam Yang, ya dubi Hindu, su biyun zaune a benci ɗaya. Ya daɗe yana juya ƙoƙon shayi a hannu.

"Ashe ba ƙasa ce ta yi mana ba," ya ce. "Zamani ne."

Ranar da za su hau dutse gari ya waye garau. Aka sa su, shi da Hindu da Madam Yang, a wani ƙaramin akwatin gilashi da yake rataye a jikin waya. Da ya tashi sama Hindu ta rufe ido ta kama hannunsa, shi kuwa ya manna goshi a gilashi. Bishiyoyi masu ganye kamar allura suka riƙa wucewa a ƙarƙashinsu, sai kwazazzabo, sai farin ruwa yana zubowa ba a jin ƙararsa. Can sai komai ya ɓace. Sun shiga gajimaren. Ba sama, ba ƙasa, sai fari da ɗigon ruwa a gilashi.

A sama akwai hanya ta dutse da aka sassaƙa a jikin tsaunin, tana bin lanƙwasarsa. Suka taka a hankali don numfashinsa. Hazo yana zuwa ya rufe su, ya wuce, ya sake dawowa. Da ya gaji ya zauna a kan wani faffaɗan dutse, ya ce matan su ƙarasa gaba su dawo su same shi.

Yana zaune shi kaɗai sai gajimaren ya tsage a ƙasa da ƙafarsa. Ga birnin can ƙasa, ɗan murabba'i kamar tabarmar salla, ga hasumiyoyin kamar allurai, ga tafkin ya kwanta da tsawonsa. Bai san ko barci ne ya ɗauke shi ba. Ya dai ga tafkin ya fara tafiya, ya zama Binuwai da damina, lokacin da ruwa yake cika har jiragen ruwa su iso Garwa su yi kuka a tasha. Ya ga gangaren kogi da ramuka a buɗe, ubansa yana motsa ruwa, zannuwa a shanye a kan yashi. Ya ga Mairamu tana saukowa da ƙwaryar fura a kai, tana taka ƙasa yadda take yi, ba gaggawa. Ba ta dube shi ba, kuma bai ji yana bukatar ya kira ta ba. Ta wuce cikin hasken, hazo ya rufe. Ya ji sanyi a kumatunsa, bai tantance ko raɓa ce ko hawaye ba.

Da su Hindu suka dawo suka tarar ya yi taimama yana salla a kan dutsen, wasu matasa sun tsaya nesa shiru suna jira ya idar kafin su wuce.

Ranar tafiya Iya Duwan ta warware zanen da ya rina, ta tsinke zaren ɗinkin, furanni suka fito farare. Wani gefe ya yi dabbare-dabbare, wurin da ya tayar da laka. Ta nuna masa wurin da yatsa, ta naɗe ta ba shi. Shi kuma ya cire hularsa ta saƙi ya ba ta, ya sa wata. Ta raka su har bakin lungu tana riƙe da ita a ƙirji.

Da suka dawo Garwa ya koma kujerarsa a ƙofar shago. Bai sake haƙa rami ba, ƙarfi ya tafi, kuma ganyen baba ma sai an sha wuya ake samu. Amma ya zama mai magana. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin ƙoramar da take bin titi, da masallaci mai jan ginshiƙai, da tsohuwar da ta buge masa hannu. Wasu suna gaskatawa, wasu suna cewa tsufa ne. Maganar gajimare a ƙarƙashin ƙafa ce aka fi musantawa, sai wani Gaston mai kawo gyaɗa daga duwatsun Mokolo ya ce ai wannan ba ƙarya ba ne, su ma suna gani da damina.

Bayan wasu shekaru wani ɗan Sin, cikin masu aikin hanya a bayan gari, ya shigo kasuwa neman zanen gado. Matashi ne, rana ta ƙona shi, yana ɗan jin Faransanci. Malam Shu'aibu ya gaishe shi da kalma ɗaya da ya riƙe ta yarensu, ya ce masa ya je Dali. Mutumin ya yi mamaki. Ya ce shi ɗan can arewa ne, garinsu fili ne da ma'adinin gawayi, Dali a talabijin kawai yake ganinta, bai taɓa zuwa ba.

"Bai taɓa zuwa ba?" Malam Shu'aibu ya tambayi Hindu. "Ƙasarsu ce fa."

"Ya ce da nisa, Baba. Ya ce Garwa ma ya fi saninta."

Dattijon ya sa aka kawo kujera, ya aika aka sayo shayi. Ya zaunar da baƙon ya shiga ba shi labarin ƙasarsa, da Hausa da guntun Faransanci da hannu, Hindu tana cike gurbi tana auna wa mata yadi. Ya kwatanta masa ƙofar kudu, da tafki, da hanyar da aka sassaƙa a jikin dutse. Ya ce ya je lokacin yankan shinkafa, ya tafi da riga mai kauri, kada ya yi sauri a sama don iskar ba ta da yawa. Matashin ya saurara, shayinsa ya huce a hannu. Da zai tafi ya ce in kwangilarsu ta ƙare zai kai uwarsa.

"Ka gaya mata ta zauna ta gefen hagu a mota," in ji Malam Shu'aibu. "Ta nan dutsen yake."